Wi-Fi ɗin gidana yana ɗaukewa da rana tsaka, ina mafita?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimakon masu sani. Rautar gidana, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, irin mai cin sim ɗin nan mai eriya biyu, ta shiga wani hali tun da zafin nan ya kankama. Da safe lafiya lau, da dare ma ba laifi. Amma da an idar da azahar har zuwa la'asar sakaliya sai Wi-Fi ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Kana tsaka da kiran bidiyo sai ka ga waya ta koma kan datar sim ɗinta, bayan minti ɗaya ko biyu ya dawo da kansa. Abin da ya fi damuna Ummi ce, tana shirin JAMB tana gwajin tambayoyi a kwamfuta, kuma lokacin nan ne kaɗai take samun sukuni bayan ta taso daga makaranta. Ina Badariya, Birnin Kebbi. Data akwai, ban daɗe da sabunta na wata ba.

Mai Caji Jega: Wa alaikumus salam. Yaya kada ka ba kanka wahala, sabis ne. Duk wanda ya zauna a shagona kukan da yake yi ke nan. Cire sim ɗin ka sa na wani kamfani, shi ke nan. Ni layi fiye da ɗaya nake riƙewa, wanda ya yi ƙarfi ranar shi nake hawa.

Maman Sadik: Wallahi Baban Ummi ciwonmu ɗaya. Ni a Argungu nake, sana'ata a waya take, atamfa da leshi nake ɗorawa. Daga magariba zuwa wajen ƙarfe 10 hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa bai tafi ba, mai saye tana jira har ta gaji ta nufi wajen wata. Alamar Wi-Fi kuwa cike take taf a wayata.

Injiniyan Gesse: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kafin kowa ya sayi sim ko sabuwar rauta, ku bari in raba zancen, domin abin da Baban Ummi ya kawo da abin da Hajiya ta kawo ba lallai cuta ɗaya ba ce, duk da kowa "ya yanke" yake cewa. Tsakanin wayarka da intanet gaɓa uku ce. Akwai tsakanin waya da rauta, shi ne Wi-Fi. Akwai tsakanin rauta da ƙarfen sabis, wannan aikin sim ne. Sai ita kanta rautar, ko tana nan a kunne ko tana mutuwa tana tashi. Hajiya ta ce alama cike take amma hoto ba ya tafiya, to nata Wi-Fi ɗin bai yanke ba, matsalar tana gaba da rauta. Kai kuwa Yaya ka ce yana ɓacewa ya dawo bayan minti ɗaya ko biyu, kuma wannan tazarar daidai take da lokacin da rauta ke ɗauka ta tashi daga kashewa. Ko da ƙarfen sabis ya mutu murus, sunan Wi-Fi ɗin gidanka ba ya ɓacewa daga waya, intanet ne kawai za a rasa. Don haka yau da rana in ya yanke, buɗe jerin sunayen Wi-Fi ka duba: sunan naka yana nan ko babu? Tambayi mutanen gida ko duk wayoyi ne suka yanke tare. Sannan ka je gaban rautar ka tsaya ka kalli fitilunta.

Mai Caji Jega: Injiniya wannan dogon turanci ne. Mutum ya gwada wani sim, in ya yi ya yi.

Injiniyan Gesse: In ya gwada kuma bai yi ba fa, ya sayi data a layi biyu ke nan, yarinya kuma ba ta yi karatu ba. Kallon fitila kyauta ne, ƙanena. Kuma wasu rautocin a kulle suke da layin kamfanin da ya sayar da su, ba sa karɓar wani sim.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Zan lura in sha Allah, yau ina gida.

Ɗalibin Aliero: Baba ni zargina maƙwabta. Yaran yanzu ba sai ka faɗa musu kalmar sirri ba. Yaro ɗaya na gidanka ya isa. Wayoyin Android tun daga na 10 suna fitar da hoton nan mai ɗigo-ɗigo na QR, abokinsa ya haska da kyamara ya hau, shi ma ya ba wani. Da rana bayan an taso makaranta ne kuma suke taruwa a dakalin ƙofar gida. Ka lura da lokacin da kake cewa yana yankewa.

Alhaji na Kamba: Salamu alaikum. Yaro, ko da hakan ne, maƙwabci shina da haƙƙi. Mu da munka tashi ba a hana maƙwabci ruwa ko wuta. In ɗan maƙwabcinka ya yi karatu da wanga abu, lada ce gare ka.

Ɗalibin Aliero: Gaskiya ne Baba Alhaji, amma ba karatu suke yi ba, bidiyo suke saukewa. Datar wata sai ta ƙare a mako biyu, mai gida yana ta zagin kamfani.

Malama Yawuri: Ku duka kuna da gaskiya, kuma akwai hanyar da ba sai an ɓata da kowa ba. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi, wato Wi-Fi na biyu mai sunansa daban da kalmar sirrinsa daban. Ni haka na yi wa 'yan haya da ke gefenmu. Na ba su na baƙi, wasu rautocin ma suna bari ka ƙayyade masa gudu. Ranar da na ga data tana zuba sai in canza kalmar na baƙin kawai, na cikin gida ba ya motsi. Kyauta da saninka daban take da a ɗiba ba ka sani ba, Baba Alhaji.

Alhaji na Kamba: To wagga shawara ta yi, Malama. Allah shi yi albarka.

Injiniyan Gesse: Shawarar Malama ita ce daidai. In kuna son ganin masu hawa, juya rautar ku duba takardar da ke manne a ƙasanta, akwai adireshin shiga. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma galibi 192.168.8.1. A rubuta shi a burauza alhali waya tana kan Wi-Fi ɗin, za a ga jerin duk na'urorin da ke haɗe. Kada a dogara da toshe su ɗaya-ɗaya, domin wayoyin yanzu suna iya sauya lambar shaidar da rauta ke gane su da ita, ka toshe yau gobe ya dawo da sabuwa. Canza kalmar sirri ya fi, a bar tsaron a kan WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Sai dai yawan mutane gudu yake ragewa. Ƙananan MiFi na aljihu ma suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, in sun cika sabon shiga ba zai samu wuri ba. Amma sunan Wi-Fi ya ɓace gaba ɗaya, wannan ba aikin yaran dakali ba ne su kaɗai. Mu jira abin da Yaya zai gani.

Alhaji na Kamba: Kafin shi dawo bari in hwaɗi abin da munka gani nan Kamba, ko wani shi amfana. Mu bakin iyaka muke, Nijar ga ta nan kusa. Wani lokaci sai sim ɗin shi bar sabis na gida shi kama na ƙetare, Wi-Fi shina nan amma ba a shiga komi. Sai da wani yaro ya shiga ciki ya hana ta zaɓen sabis da kanta, ya ɗaure ta ga na gida, sannan munka huta.

Ɗan Gusau: Ni tun abin da ya same mu a watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, na daina yarda da duk abin da ya dogara da ƙarfen sabis. Lokacin mutane har Funtuwa suke zuwa don su yi waya ko su tura kuɗi. Baban Ummi in da hali ka sayi Starlink ka huta. Tun farkon 2023 yake aiki a Najeriya, daga sama yake ɗauko abinsa.

Maman Sadik: Ɗan Gusau kuɗin fa? Mu da muke lissafin ribar turmi ɗaya.

Injiniyan Gesse: Ban ƙi Starlink ba, ga wanda ke ƙauyen da sabis bai kai ba babu kamarsa. Amma ku lura, shi gaɓa ta biyu kawai yake sauyawa. Shi ma da rautarsa yake zuwa, ita ma wuta take ci, bango kuma yana tare ta kamar kowace. Rautar gida mai 12V da 1A ba ta wuce wat 12 ko ta ƙure, shi kuwa farantin Starlink na gida yana haura wat 50. In matsalar gidan wuta ce, an ƙara mata nauyi ne. Kuma ko a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane nawa suka yi ta kashe rauta suna kunnawa alhali lafiyarta ƙalau? Shi ya sa nake cewa a fara sanin inda ya yanke.

Baban Ummi: Jama'a ga rahoto. Ya yanke wajen ƙarfe 2 da rabi ina zaune a falo. Na duba, sunan ya ɓace daga jerin kwata-kwata, wayar uwargida da kwamfutar Ummi duk sun sauka tare. Na je gabanta, na tarar fitilu duk sun mutu sai ta wuta kaɗai, can sai ta Wi-Fi ta kama, ta sabis ta yi ja sannan ta koma shuɗi. Kuma ba a ɗauke wuta ba, fanka tana juyawa. Na zauna na jira, ya sake yi a gabana lokacin da Ummi ta buɗe wani darasi na bidiyo.

Injiniyan Gesse: Alhamdu lillah, an kama ta. Rautarka kashe kanta take yi tana tashi. Sim ba shi da laifi a nan. In kana son ƙarin tabbaci shiga adireshin nan da na faɗa, a shafin bayanin na'ura wasu suna nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. In ka kunna ta tun safe amma ka ga mintuna kaɗan, ta mutu ta tashi ke nan.

Baban Ummi: Na shiga. Minti 14 ta rubuta, alhali tun asuba ba wanda ya taɓa ta.

Mai Caji Jega: To ta lalace ke nan. Yaya nemi allura ka soka a ɗan ramin nan na baya ka riƙe, za ta koma sabuwa fil.

Injiniyan Gesse: A dakata da allura tukuna. Wannan ramin yana goge komai: sunan Wi-Fi, kalmar sirri, har saitin da sim ke shiga intanet da shi in da hannu aka sa. Yana da ranarsa, in manhajar cikinta ce ta rikice. Amma rautar da ke mutuwa da rana tsaka kawai, kuma daidai lokacin da aka ɗora mata aiki, abu biyu nake fara tuhuma: zafi da adafta. Yaya, a ina take zaune? Kuma adaftar da ke jikinta ita ce ta cikin kwali?

Baban Ummi: Tana cikin kabad ɗin talabijin, a kan dikoda. Uwargida ta lulluɓa mata ɗan kyallen saƙa tun lokacin hunturu saboda ƙura. Yanzu na ɗaga ta, ƙasanta ba ya taɓuwa don zafi, har ɗan robar ƙafarta ɗaya ya yi laushi ya manne a saman dikodar. Adafta kuwa ta asali ta ƙone bara da aka kawo wuta mai ƙarfi, sai aka sayo wata a kasuwa. Bakin ya shiga daidai, ta kuma kama.

Injiniyan Gesse: Karanto mini abin da aka rubuta a ƙasan rauta wajen wuta, da wanda aka rubuta a jikin adafta.

Baban Ummi: Rauta: 12V, 1A. Adafta: 12V, 0.5A. Ba ta da nauyi ko kaɗan a hannu, kuma ita ma da zafi.

Injiniyan Gesse: To ga shi nan. Adaftar rabin abin da rauta ke nema take iya bayarwa. Abin da ya sa ba ku gane ba tun bara shi ne rauta ba kullum take jan wutar da aka rubuta mata ba. In tana zaune ba aiki kaɗan take sha, sai adaftar ta ɗauka. Da an buɗe bidiyo, sashen da ke magana da ƙarfen sabis da sashen Wi-Fi duk su tashi aiki tare, jan wuta ya ƙaru, adafta ta kasa, ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da abin da rauta ke iya rayuwa a kai, sai ta mutu ta sake tashi. In sabis yana da rauni a inda take, kamar cikin kabad, sai ta ƙara ƙarfin aikawa, jan wutar ya ƙara hawa. Zafi kuma yana raunana adafta, musamman ƙananan kafasitocin cikinta, masu bushewa da daɗewa. Ita kanta rautar, yawancin na gida in ka duba takardarsu an rubuta su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. Birnin Kebbi a watan Afrilu ko a inuwa ana haura 40. Ka haɗa da rufin kwano, da kabad a rufe, da dikoda tana hura mata zafi daga ƙasa, da kyalle ya toshe ramukan shan iska. Da hunturu duk wannan bai taso ba, shi ya sa sai yanzu ta nuna.

Ƙa'idar sayen adafta: lambar V dole ta zo daidai, 12 da 12, kada a sa 9 kada a sa 19 ta kwamfuta. Lambar A kuwa ta kai ko ta fi, 1A ko 1.5A ko 2A duk lafiya, rauta abin da take buƙata kawai za ta ja. A duba ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin ne mai alamar tarawa, ya dace da na jikin rauta. Kuma a tafi da rautar shagon, a gwada bakin ya zauna daram ba ya rawa.

Ɗalibin Aliero: To ashe yaran dakali ma suna iya taimakawa wajen kashe ta, tunda su ke ƙara mata aiki.

Injiniyan Gesse: Ƙwarai, a wannan fuskar maganarka ta shiga. Amma rauta mai lafiyayyar adafta ko mutum 20 suka hau, jinkiri za a gani, ba mutuwa ba.

Maman Sadik: Ni na ji wata tana cewa takan sa tata a firij na ɗan lokaci, ko ta ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma.

Injiniyan Gesse: Don Allah Hajiya a gaya mata ta daina. In ta fito daga firij ta shiga iska mai zafi, raɓa ce za ta taru a kan allon cikinta, ranar da ta haɗa wuta shi ke nan. A fitar da ita sarari kawai, a ɗaga ƙasanta iska ta ratsa, kada rana ta taɓa ta. Masu MiFi mai batir kuma su kula sosai: wanda ake bari a caji dare da rana cikin zafin nan batirinsa yana kumbura. In murfin baya ya fara ɗagowa, a cire batirin a canza, wannan maganar gobara ce.

Yaya, shawarata ka sauya abu ɗaya tukuna. Yau ka fitar da ita daga kabad, gobe ka ga ko ta daina, sannan ka canza adafta. Ta haka za mu san wanne ne ainihin mai laifin.

Malama Yawuri: Injiniya a nan kam ban bi ka ba. Kai kana son sanin dalili, shi kuma yarinya gare shi mai jarrabawa a gaba. Duka biyun gyara ne da ya wajaba ko da ɗaya ne ya jawo. Adaftar da ba ta kai ba ba a barin ta ko rana ɗaya, tana zafi a bayan kabad kusa da labule. Ya yi duka yau.

Mai Caji Jega: Malama ta faɗi gaskiya. Kuma Yaya in za ka saya, ɗauki mai nauyi a hannu. Ina harkar caja kullum, marar nauyin nan ko an rubuta 2A a jiki sau da yawa ba ta kaiwa. Adaftar tsohuwar dikoda ta asali in lambobinta sun dace ta fi sabuwar banza.

Injiniyan Gesse: Na yarda, karatun Ummi ya fi gwajina muhimmanci. A yi duka. Maganar Mai Caji a kan nauyi ma haka take a mafi yawan lokuta.

Maman Sadik: To ni fa Injiniya, an bar ni a baya.

Injiniyan Gesse: Ba a manta da ke ba Hajiya. Shiga shafin rautarki ki nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. Ki duba su da safe lokacin da komai ke tafiya, ki sake dubawa da magariba. RSRP ƙarfin sabis ne, da alamar ragi yake zuwa: kusa da -80 yana da kyau, in ya gangara ƙasa da -100 ya yi rauni. SINR kuma tsabtar sabis ɗin ce, in ya haura 10 ba laifi, in yana kusa da sifili akwai hayaniya. In RSRP ya yi rauni safe da yamma, matsar da rautar kusa da taga ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, a ɗaga ta sama, ko a sa mata eriyar waje in tana da wurin ɗaurawa. In kuwa yana da kyau amma da magariba gudu ya mutu, cunkoso ne: kowa ya dawo gida ya hau ƙarfe ɗaya. Wannan ba abin da za ki gyara a ɗaki.

Maman Sadik: Yanzu da yamman nan RSRP -84 ne. Kuma na lura wani lokaci tana sauka daga 4G ta koma 3G da kanta.

Injiniyan Gesse: Sabis ɗinki yana da ƙarfi ke nan. Ki shiga saitin sabis ki ɗaure ta a kan 4G kaɗai, domin duk saukar nan da hawan tana yanke haɗi na ɗan lokaci. In an yi haka magariba ba ta gyaru ba, to a nan ne shawarar Mai Caji take aiki: ari sim na wani kamfani ki gwada da magariba kafin ki sayi data mai yawa. Ki kuma kai ƙorafi wurin kamfaninki ki karɓi lambar ƙorafin, in ba su yi komai ba hukumar kula da sadarwa ta NCC tana da layin kyauta, 622. Hotunan kaya kuwa ki riƙa ɗora su da safe ko bayan 11 na dare kafin a samu mafita.

Mai Caji Jega: Kun gani, dama na ce sabis ne.

Malama Yawuri: Na Hajiya ne sabis, Mai Caji. Na Baban Ummi da ya bi taka da yanzu yana can da sabon sim da tsohuwar adafta.

Baban Ummi: Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Jiya da yamma na samo adafta 12V 2A, na fitar da rautar na kafa mata ɗan katako a bangon falo sama da tsayin mutum, nesa da talabijin. Yau tun safe har yanzu bayan la'asar ba ta mutu ba, Ummi ta yi darasinta har ta gama. Shafin yana nuna awa 21 a kunne. Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura abu biyu. In an ɗauke wuta aka tayar da janareta dole ta mutu ta tashi. Sannan ɗakin uwargida da ke can ƙuryar gida har yanzu sanda ɗaya ake samu, yana kamawa yana saki.

Alhaji na Kamba: Madalla. Allah shi ba yarinya sa'a.

Ɗan Gusau: Na wuta mai sauƙi ne. Akwai ɗan akwatin batir da ake sayarwa don rauta, yana da baki na 5V da 9V da 12V. Shi ake sawa a soket, rauta a jikinsa. Ko an ɗauke wuta ba ta sani ba, yana riƙe ta awanni gwargwadon girmansa. Ni a kan batirin sola na haɗa tawa kai tsaye.

Injiniyan Gesse: Akwatin ya yi, a dai duba cewa bakin 12V ɗinsa yana ba da 1A ko fiye, kada a koma gidan jiya. Amma haɗawa kai tsaye da batirin sola a yi hattara. Batirin da ake kira 12V yana haura 14V lokacin da rana ke cajinsa, ba kowace rauta ke jure wannan ba. A sa ɗan abin daidaita wuta a tsakani, da fis.

Maganar ɗakin ƙurya, wannan ita ce matsalar Wi-Fi ta ainihi, gaɓar farko. Ka ɗauki rauta kamar fitilar da aka rataya: inda haskenta zai kai in da bango bai tare ba, nan Wi-Fi zai fi kaiwa. Bulo da siminti suna cin sa, ginin ƙasa mai kauri ma haka, ƙofar ƙarfe da kwano suna mayar da shi baya, tankin ruwa yana shanye shi. Bango nawa ne tsakanin falo da ɗakin?

Baban Ummi: Uku, da tsakar gida a tsakani, ga tankin ruwa a kan hanya. Ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce.

Injiniyan Gesse: To sanda ɗayan ma ta yi ƙoƙari. Fara da na kyauta. In rautarka tana fitar da Wi-Fi iri biyu, 2.4GHz da 5GHz, raba musu suna, wayar uwargida ta zauna a kan 2.4. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi nisa. In suna ɗaya suke amsawa, waya a bakin iyaka takan yi ta tsalle tsakaninsu, shi ne kamawa da sakin da ake gani. Sannan a saitin 2.4 ɗin zaɓi tasha 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna, ka sa faɗinta a 20MHz. Akwai manhajojin waya na kyauta masu nuna tashar da maƙwabta suka cika da kuma ƙarfin Wi-Fi a kowane ɗaki. In ka tsaya a ɗakin ka ga -67 ko abin da ya fi shi kusa da sifili, kiran bidiyo zai yi. In ka ga -80, saiti ba zai cece shi ba.

Ɗalibin Aliero: Sai ya sayi ɗan abin ƙara ƙarfi ɗin nan da ake sokawa a soket. A hostel muna da shi.

Injiniyan Gesse: Yana aiki in an sa shi inda ya dace, amma mutane a ɗakin da ba sabis suke soka shi, ya kama raunannen abu ya sake watsawa. Waya ta nuna sanda cike, gudu babu. Wurinsa tsakiyar hanya ne inda Wi-Fi ke da sauran ƙarfi, kuma irin mai araha yana raba gudun kusan biyu domin da rediyo ɗaya yake karɓa yake aikawa. A gida mai tsakar gida irin namu, ba soket a tsakiyar hanyar ma sai filin rana. Ni waya nake ba da shawara. A ja wayar intanet irin Cat6 daga bayan rautar falo zuwa ɗakin, tana kai mita 100 ba tare da ta rasa komai ba. A can a sa ƙaramar rauta ta biyu, ko tsohuwa ce, a kashe mata DHCP don kada su biyun su riƙa rabon adireshi suna karo, a ba ta tasha daban da ta falo.

Malama Yawuri: Mu haka aka yi mana. Abin da zan ƙara, kada a bar wayar a fili a kan katanga. Tamu ta farko rana ta cinye bawonta, ɓeraye suka ƙarasa. Ta biyun a cikin bututun roba aka zura ta aka bi da ita ƙarƙashin inuwar rufi, har yau tana nan.

Injiniyan Gesse: Haka ne Malama. Kuma da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare wayar daga bayan rautocin biyu har ya wuce.

Baban Ummi: Na auna da manhajar, -82 ne a bakin gadon, -74 in an buɗe ƙofa. Akwai tsohuwar rauta a ajiye wadda ba ta cin sim. Injiniya, daga falo zuwa ɗakin in aka bi ta gefen rufi zai kai mita 30. In sayo wayar da kawunanta a haɗe, ko a yanko a matse a gida?

Injiniyan Gesse: A yanko mita 35 don a samu rara, a zura a bututu tukuna sannan a matse kawunan, in ba haka ba kan ba zai wuce lanƙwasar bututun ba. Ka ce wa mai shagon ta jan ƙarfe zalla kake so, ba mai alminiyam a ciki ba. Kuma kafin ka sayi komai, juya tsohuwar rautar ka karanto mini lambobin wutarta, da na adaftar da za ka sa mata.